Kura Ba Ta Karɓar Kuɗin Fansa

Yau shirin namu ya nufi kudancin Jihar Katsina, wato Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, kuma koken mai karatu muka zo da shi.

Kun san irin mai karatun da nake nufi. Yana da gwaninsa a cikin marubuta, duk littafin da ya fitar sai ya nema, ko a takarda ko a waya. Sai ya ji gwanin zai yi rubutu a kan halin da yankinsu ke ciki, ya ƙagu. Da littafin ya zo hannu, sai ya tarar da kura tana cin tumaki, zaki yana barci a fada, dila yana kai gulma. Bai kai rabi ba ya rufe, ransa a ɓace. Ni dai ina bayan mai karatun, kuma zan faɗi dalili.

Ba wai Bahaushe baƙon labarin dabbobi ba ne. Da Gizo da Ƙoƙi aka yaye mu. Alhaji Abubakar Imam, wanda ya yi karatu kuma ya koyar a birnin Katsina, a bakin aku ya sa hikimar Magana Jari Ce, littafin da ya fara fitowa a 1937. Akun nan dare bayan dare yana ɗauke hankalin Musa ɗan sarki da labari, don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. Nan kusa kuma, Bala Abdullahi Funtuwa ya mayar da littafin George Orwell na 1945 zuwa Hausa, ya fito a 1975 da sunan Gandun Dabbobi. Duk wanda ya karanta shi bai manta da doki Akawal ba, wanda ya ƙarar da ƙarfinsa wajen yi wa gandu bauta, da ya kasa sai aladu suka sayar da shi. Mutane sun ji ciwon wannan doki domin sun ga ubanninsu a jikinsa.

To me ya sa Gandun Dabbobi ya kama zuciya, littafin gwanin ya kasa?

Ku tuna daren 11 ga Disambar 2020, da aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida. Ku tuna Satumbar 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan ukun, mutum ya kasa jin ko mahaifiyarsa ta kwana lafiya. Wanda ya rayu cikin wannan ya san abin da kurar littafi ba za ta iya ɗauka ba. Kura tun shafin farko muguwa ce, haka aka halicce ta, kuma daji ne gidanta. Shi kuwa ɗan bindigar da ya hana noma a Sabuwa mutum ne. Wataƙila an taɓa cinikin shanu da ubansa a kasuwar Sheme. Akwai mai kai masa mai, akwai mai kai masa burodi, akwai mai tsegunta masa wanda ya sayar da masara, kuma wannan na ƙarshen a cikin gari yake kwana. Kura ba ta buga waya ta yi cinikin ran mutum. Ba ta karɓar kuɗin fansa, ba ta sa wa ƙauye haraji kafin a yi girbi. Idan marubuci ya lulluɓe duk wannan da fatar dabba, ya sauƙaƙa abin da ba shi da sauƙi, ya kuma wanke mutanen gari daga tambayar da ta fi zafi.

Ina sane da uzurin marubucin. Kama suna a wannan zamani kasada ce, shi ma yana da iyali, kuma tun asali habaici da zaurance mafakar talaka ne a gaban mai iko. Ba zan ce wa kowa ya sayar da ransa don littafi ba. Amma tsakanin kama suna da fakewa bayan zaki akwai fili mai faɗi. Sulaiman Ibrahim Katsina ya nuna haka tun farkon shekarun 1980 da Turmin Danya da Tura Ta Kai Bango. Ƙirƙirarrun mutane ya zuba, amma 'yan Adam ne, masu fasa-ƙwauri da 'yan siyasa da talakawan da aka matsa, mai karatu ya gane su sarai.

Abin da mai karatun Faskari yake nema ke nan daga gwaninsa. Yana so ya ga matar da ta sayar da gonar gado ta fanso mijinta, da yadda zamansu ya koma bayan ya dawo. Yana so ya ga yaron da aka sako ya ƙi sake kwana a makaranta, da ɗan sa-kai da ya fara don kare ƙauyensu har hannunsa ya saba da jini, da Bafulatanin da aka kwashe wa garke kuma gari ya ƙi amincewa da shi. Waɗannan mutanen suna raye, kuma marubutanmu sun san hanyar gidajensu.