Kalmomin Ingilishi da ke jikin ledar iri: me suke nufi, daga ina suka fito?

Da zarar sanyi ya fara kaɗawa, masu lambu a kwarurrukan ƙasar Gure suka shiga gyaran fangali, sai cinikin iri ya tashi. A kasuwar Gure da ta Gidigir da sauran kasuwannin mako, za ka tarar da ƙananan ledoji da gwangwanaye an jera su a kan tebur ko tabarma, masu hoton tumatir da shu da karoti da kankana. Wasu rubutunsu na Faransanci ne, sun biyo ta Damagaram. Wasu kuma na Ingilishi ne, domin daga Nijeriya suka ƙetaro. Yawancinmu hoto muke dubawa, mu tambayi kuɗi, mu biya. Alhali kuwa a cikin ɗan rubutun nan akwai kalmomi uku ko huɗu da kan raba riba da asara, har wani lokaci su raba lafiya da asibiti.

Bari mu fara da mai sauƙi. Idan aka rubuta “seed” ana nufin abin shukawa, idan kuma aka rubuta “grain” ana nufin tsaba ta ci. Kalmar “seed” 'yar uwa ce ga “sow”, wato shuka, kuma masana harshe sun nuna cewa tushensu ɗaya da “semence” da “semer” waɗanda 'ya'yanmu ke koyo a lakwal. Daga wannan tushe ne aka samu “season” ko “saison”, wadda asalinta a harshen Latin lokacin shuka take nufi, kafin ta zama sunan kowane yanayi na shekara. Haka ma “seminar”, taron nan da manyan ma'aikata ke yi a otal-otal na Yamai: asalin kalmar shi ne fangalin da ake renon dashe. Ko ana samun dashen da ya kama daga waɗannan tarurruka, wannan magana ce ta wata rana.

Akwai kuma wadda kunnenmu ya saba da ita ba mu lura ba. Harafin B na biyu a sunan BBC, wadda ta fara shirye-shiryen Hausa a 1957, yana nufin “broadcasting”. Manoman Ingila ne ke da kalmar tun kafin a ƙirƙiro rediyo, kuma ma'anarta yafa iri da hannu, kamar yadda ake yafa riɗi ko alkama, saɓanin gero da muke sara wa rami da sungumi mu rufe da diddige. Sai wajen 1920 masu rediyo suka are ta. Bahaushe ma da ya tashi fassara, sai ya ce watsa labarai.

Mu a Hausa kalma ɗaya ce, iri, ta ɗauki abin shukawa ta kuma ɗauki nau'i. Bature ya raba su, yana kiran nau'in “variety”, kuma abin da ke biye da wannan kalma a jikin leda shi ne sunan da ya kamata mai saye ya riƙe. Sunayen nan ba haka kawai aka zuba su ba. Geron HKP na cibiyar INRAN, haruffa biyun farko Zabarmanci ne, haini kirei, wato jan gero, na ukun kuma Faransanci ne mai nufin saurin nuna. Duk sunan da ya fara da SAM, kamar masarar SAMMAZ da waken SAMPEA, daga cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ya fito. Waken da ya fara da IT na cibiyar IITA ne da ke Ibadan. Albasar Galmi kuwa ba ta bukatar tafinta.

To, ga inda maganar kuɗi take. Kalmar “hybrid”, wadda sau da yawa ake haɗa ta da alamar F1, ita ce ta fi jawo rikici tsakanin mai sayarwa da mai lambu. A Latin, sunan da ake kiran ɗan da aka haifa tsakanin aladen gida da na daji ke nan. Kada wannan ya tayar wa kowa hankali, babu abin da ya haɗa irin da alade in ban da tarihin kalmar. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne alfadari, ɗan jaki da goɗiya, wanda ya ɗauko juriyar uba da ƙarfin uwa. Haka masu kamfanin iri ke zaɓo iyaye biyu daban su haɗa su, sai 'ya'yan farko su fito bai ɗaya, girma ɗaya, launi ɗaya, su nuna lokaci ɗaya, ga yawan amfani. Harafin F daga kalmar Latin mai nufin ɗa ya fito, saboda haka F1 'ya'yan fari ke nan. Kuma wannan ba shi ne GMO da ake ta muhawara a kansa ba, barbara ce kawai tsakanin tsiro da tsiro.

Bambancinsa da alfadari shi ne, alfadari ba ya haihuwa, shi kuwa wannan iri yana haihuwa, jikokin ne ba sa kama da shi. Wani limamin Kirista mai suna Gregor Mendel ne ya bayyana haka a 1866, bayan ya yi shekaru yana haɗa nau'o'in wani wake a lambunsa. Ya ga halin da ya ɓuya a 'ya'yan fari yana dawowa a jikoki, kusan ɗaya cikin kowane huɗu. Yanzu mu dawo kasuwa. Iyayenmu mata masu sayar da kayan miya sun saba, idan tumatir ya yi kwantai, a matse 'ya'yansa a shanya a ƙulla a leda, a sayar wa mai lambu da sunan iri. A da can wannan dabara ce mai kyau, domin tumatir na gida ne. Amma idan tumatir ɗin nan mai sheƙi F1 ne, wanda ya sayi ƙullin zai yi wata uku yana ban ruwa, sannan ya ga wani dogo, wani kwalkwal, wani bai yi 'ya'yan kirki ba. Ba zai zargi Mendel ba, wadda ta sayar masa zai zarga, kuma baɗi wata rumfar zai nufa. Irin da ake iya ajiyewa a sake shukawa shi ne wanda aka rubuta wa OPV ko “open pollinated”, kamar HKP da albasar Galmi. Shi ma geron, saboda iska na kawo masa barbara daga gonar maƙwabci, malaman gona kan ba da shawarar a sabunta shi bayan 'yan shekaru.

Kalmar da ta fi haɗari ita ce “treated”, ko “traité” da Faransanci. Ma'anarta an cuɗanya irin da maganin ƙwari ko na ruɓewa, shi ya sa ake rina shi ja ko kore ko shuɗi. Kusa da ita akan ga “poison”, wadda asalinta a Latin abin sha ne kawai, daga baya ta koma guba. A ƙarshen 1971 gwamnatin Iraƙi ta shigo da irin alkama da sha'ir da aka cuɗa da sinadarin makuri. An rubuta gargaɗi a jikin buhunan, amma da Ingilishi da Sifaniyanci, manoman kuwa Larabci suke ji. Irin ya iso wa da yawa bayan lokacin shuka ya wuce, sai suka wanke shi, jan launin ya fita, suka niƙa suka yi gurasa. Launin ne ya fita, gubar tana nan. Mutum 6,530 aka kwantar a asibiti, 459 daga cikinsu suka rasu, ban da waɗanda suka mutu a ƙauyuka. An daina amfani da makuri a wannan aiki, amma magungunan da suka maye gurbinsa su ma ba na ci ba ne. A ganinmu duk mai sayar da irin nan a tiya ko a kwano wajibi ne ya ware masa ma'auni na daban, kada ya ajiye shi kusa da hatsin ci, kuma ragowarsa ba ta kaji ba ce, ba ta tumaki ba ce. Wanda ya zazzage buhu ya sayar a ƙulle-ƙulle ya raba irin da gargaɗinsa, don haka bakinsa ne ya zama takardar.

Saura “germination”, wato tsirowa, daga kalmar Latin mai nufin toho. Lambar da ke gabanta, alal misali 85%, tana nufin cikin ƙwaya 100 da aka gwada 85 sun tsiro, amma a ranar da aka yi gwajin. Leda da ta sha zafin bazarar Gure a ƙarƙashin kwanon shago ba za ta cika wannan alkawari ba. Shi ya sa kwanan wata ya fi hoto muhimmanci, kuma a lura, kayan Amurka wata suke fara rubutawa kafin rana. Irin albasa ya fi saurin mutuwa, da wuya ya wuce shekara guda da ƙarfinsa, na tumatir da kankana sun fi shi jimiri. Mai sarin da zai zuba jarinsa a gwangwanaye da yawa yana iya buɗe ɗaya, ya ƙirga ƙwaya 20, ya naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma ya ajiye a inuwa, yana yayyafa ruwa. Bayan kwana 10 ya kwance ya ƙirga. Idan waɗanda suka tsiro ba su kai 14 ba, ya koma wa dillalin da tsumman a hannu.