Zanen Dutse da Adon Soro: A Daina Gyaran Gangar Auzinawa

Akwai wata fahimta da ta zauna wa mutanenmu, wai duk abin da ya dusashe maganinsa ruwa da fenti. Matashi zai je kallon zanen dutse da waya a hannu, ya ga launi ya kwanta, sai ya fasa ledar ruwa ya watsa don hoto ya fito. Wani kuma ya bi layin da alli ko gawayi. A cikin gari, mutum ya gaji soro mai zanen magina na da, da ya samu kuɗi sai ya kira birkila a lulluɓe da siminti. Kowannensu a ransa gyara ya yi.

Mu mutanen Wurno da sauran ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, maganar a ƙofar gidanmu take. A Dutsen Mesa da Dutsen Habude akwai zanen shanu da mutanen zamanin da suka yi, wanda Bature Bernard Fagg ya yi rubutu a kai a shekarun 1950, tare da duwatsun da ake bugawa su yi amo kamar ƙararrawa. Shanun da aka zana ba su da tozo, saɓanin waɗanda Fulani ke korawa ta gefen duwatsun a yau. Ke nan layin bayan saniyar nan shaida ne na irin dabbar da aka yi kiwo a nan kafin tamu. Wanda ya bi layin da alli, hannunsa ya ɗan karkace ya yi mata tozo, ya yi wa tarihi ƙarya ba tare da ya sani ba.

Ruwan fa? Mai watsawa zai ce ai ruwa ne kawai, kuma zai bushe. To a bushewar ɓarnar take. Ruwa yakan shiga ƙananan kafofin dutse ya narkar da gishirin da ke ciki, idan ya bushe gishirin ya sake daskarewa a ƙarƙashin launi, ya tura shi waje yana ɓarewa. Shi ya sa zanen da ya daɗe yana ƙarƙashin inuwar dutse ne, inda ruwan sama bai kai ba. Abin da damina ba ta samu ba shekaru aru-aru, mu muka kai masa da hannunmu. Siminti ma haka yake yi wa ginin ƙasa: ba ya barin danshi ya fita, ƙasar da ke bayansa ta jiƙe, gara ta samu wuri, wata rana ɓawon ya faɗo da adon gaba ɗaya.

Wani zai ce ai kakanninmu ma suna sabunta yaɓe, har a Jenne ta Mali duk shekara gari ke fitowa a yaɓe babban masallaci. Gaskiya ne, amma da me suke yi? Ƙasa ake mayarwa a kan ƙasa. Maginanmu da makuba suke yaɓe, wadda ake samu daga ɗorawa, ko laso da ake haɗawa da katsin marina, kuma wanda ya gaji sana'ar ne ke bin zanen da yatsa. Irin wannan ilimin ne ya tsayar da bakan gizon da Babban Gwani Mika'ilu ya ɗaura a Masallacin Juma'a na Zariya tun ƙarni na 19. Kuma ginin ƙasa daban, zanen dutse daban: na farko yana da magada, na biyu babu wanda aka bar wa launinsa. Kyakkyawar niyya ma ba ta isa ba. A 2012, a garin Borja na Sifaniya, wata dattijuwa ta ɗauki buroshi don taimakon wani tsohon zanen Annabi Isa a bangon coci, fuskar ta koma abin dariya a duniya. Masana kuwa sun kwashe daga 1980 zuwa 1994 suna tsaftace zanen Michelangelo a Fadar Paparoma.

Hayaƙin wuta, gidan zanzaro da fasa dutse su ma suna nasu, amma hannu ya fi saurin ɓarna. Don haka idan ka je, kada ka taɓa, domin maiƙon tafin hannu yana manne wa launi ya kama ƙura. Kada ka rubuta sunanka, kada ka hura wuta a ƙarƙashin dutsen. Hoto bai fito ba? Ka dawo lokacin da haske ya sauya. Malamin da ya kai ɗalibai ya karɓe alli tun daga bakin hanya. Mai tsohon soro ya fara gyara indararo da tsagar rufi, domin daga sama ciwon yake farawa, ya ɗauki hoton zanen kafin a taɓa komai, sannan ya nemi magini mai aikin ƙasa, a gwada a ɗan lungu tukuna. Idan kuwa a zanen dutse ka ga ɓawo yana ɗagowa, kada ka ce za ka manna, ka sanar da mai gari ko ma'aikatan hukumar kula da kayan tarihi.