Gaɓa, agara da maɗaurin gaɓa: Abin da kalmar "jijiya" ke ɓoyewa

A ranar 17 ga Oktoban 2020, mai tsaron ragar Everton, Jordan Pickford, ya afka wa gwiwar ɗan wasan bayan Liverpool, Virgil van Dijk. Da ƙafarsa ya taka ya bar fili, kuma babu ƙashin da ya karye. Duk da haka bai sake buga wasa ba har kakar ta ƙare. Idan aka tambayi mai kallon ƙwallo abin da ya same shi, amsar ba ta wuce "jijiya ce ta tsinke". To, wace jijiya?

Bahaushe ya ɗora wa wannan kalma kaya masu yawa. Hanyar da jini ke bi jijiya ce, wadda ke kai saƙo ƙwaƙwalwa ma jijiya ce, haka nan fararen igiyoyin nan masu tauri da ke riƙe da ƙasusuwa. Su kansu igiyoyin iri biyu ne, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne.

Gaɓa dai wuri ce, wato mahaɗar ƙashi da ƙashi, kamar gwiwa, kafaɗa da idon sawu. Guringuntsi ne ke lulluɓe bakin ƙasusuwan, ga kuma wani ruwa mai yauƙi da ke hana su gugar juna. Idan ƙashi ya fice daga mazauninsa, shi ne gocewa, irin wadda ta samu kafaɗar Victor Osimhen a wasan Najeriya da Saliyo a Benin cikin Nuwamban 2020.

Abin da ke hana gaɓa watsewa shi ne maɗaurinta, igiyar da ke ɗaure ƙashi da ɗan'uwansa. Ba ta motsa komai, tsaro kawai take yi, tana hana gaɓa lanƙwasawa ta inda bai kamata ba. Idan mutum ya taka rami ƙafarsa ta gurɗe, wannan igiya ce ke miƙewa fiye da kima ko ta yage, abin da muke kira targaɗe. A tsakiyar gwiwa akwai irinta guda biyu da suka gitta juna. Ta gaban, wadda likitoci ke kira ACL, ita ce ta tsinke wa Van Dijk. Idan ta tsinke gaba ɗaya ba kasafai take haɗewa da kanta ba, shi ya sa ake yi wa 'yan wasa tiyata, a yanko agara daga wani sashe na ƙafar a maye gurbinta, sannan a shafe kimanin watanni 9 ana gashi da motsa jiki.

Ita kuwa agara, tsoka take haɗawa da ƙashi. Duk wanda ya taɓa wasa da ƙafar kaza yana yaro ya san aikinta: ka ja farin zaren nan, sai yatsun su dunƙule. Haka tsoka ke jan agara, agara ta ja ƙashi, gaɓa ta motsa. Mafi girma a jikin ɗan Adam ita ce ta bayan dunduniya, wadda ta tsinke wa David Beckham a watan Maris na 2010 yana buga wa AC Milan, ta hana shi buga gasar cin Kofin Duniya a Afirka ta Kudu.

Inda bambancin ke da tasiri shi ne wajen magani. Jini kaɗan ne ke isa ga agara da maɗauri, don haka warkewarsu kan fi ta ƙashi jinkiri. Hoton ƙashi na yau da kullum kuma ba ya nuna su, sai na MRI ko na sikanin. Sau da yawa majinyaci kan ji an ce "babu karaya", ya koma gida da murna, ko ya nufi wurin mai ɗori a ja ƙafar a murza. Murza igiyar da ta riga ta yage ƙara mata ɓarna ne, komai ƙwarewar hannun mai murzawa.

Ƙaramin targaɗe kan lafa da hutu, ƙanƙara, ɗauri da ɗaga ƙafa sama. Amma wanda ya ji ƙara a gwiwarsa, ta kumbura cikin sa'o'i kaɗan, tana kuma ƙwace masa idan ya juya, ko wanda ya ji kamar an doke shi a bayan dunduniya ya kasa yin ɗage, likitan ƙashi yake buƙata. Asibitocin ƙashi na tarayya da ke Dala a Kano, Igbobi a Legas da Inugu suna duba irin waɗannan raunuka, haka ma sassan ƙashi na asibitocin koyarwa.