Zakkar Ilmi da Sirrin Shuni

Tun zamanin da ɗalibai ke zama a zaurukan birnin Zazzau suna bin littafi baƙi-baƙi, malami na fassara, su kuwa suna cika gefen takarda da hashiya, an san cewa ilmi ba ya albarka sai an fitar masa da zakka, zakkarsa kuwa ita ce sanar da wanda bai sani ba. Malaman kimiyyar sinadarai ma sun riƙi wannan ɗabi'a, domin tun shekarar 1996 Jami'ar Bristol ta Ingila take fitar da sharhin sinadari guda kowane wata a intanet, wani masani ya zaɓi wanda ya ba shi sha'awa, ya bayyana wa 'yan'uwansa siffarsa da tarihinsa da fa'idarsa.

To, da za a ce wa ɗaliban makarantar horon malamai ta Gyallesu a Zazzau su kawo nasu sinadarin, lalle ba su da wanda ya fi shuni cancanta. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin karofi ya ga yadda marini ke tsamo zane yana kore-kore, kafin ya gama matse shi ya rikiɗe ya koma shuɗi. Hikimar ita ce shuni ba ya narkewa a ruwa, sai toka da ƙwayoyin halittar da ke cikin ramin sun sauya shi ya narke ya ratsa zare, sa'an nan idan iska ta buge shi ya koma asalinsa, ya maƙale, wanki ba ya fitar da shi. Ƙwayarsa guda ta ƙunshi zarra 30: kabon 16, haidirojin 10, naitirojin 2, oksijin 2.

Bajamushe Adolf von Baeyer ya gano tsarin ginin ƙwayar shuni a 1883, kamfanin BASF kuma ya fara sayar da shunin masana'anta a 1897, alhali kuwa marinan ƙasar Hausa sun yi ƙarnoni suna sarrafa shi da ido da hanci. Abin da ya rage shi ne masananmu na Samaru da Basawa a Zazzau su zauna da dattawan karofi, su rubuta sharhin da Hausa, domin ɗan marini ya karanta sirrin abin da hannun ubansa ya daɗe da sani.