Shirin Musamman: Lissafin Mai Awo, Lissafin Kwamfuta

 Yau a unguwar Bobiel da ke nan Yamai za mu tsaya, gaban mai awon hatsi.

An auna maka gero tiya 2, masara tiya 3, a ce kowace tiya dala 100, wato sefa 500. Kafin ka laluba aljihu mai awo ya ce jika biyu da rabi. To, rubuta wa kwamfuta 2 a tara da 3 a ninka da 500 cikin harshen Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991. Za ta ce maka 1502. Ba ta yi kuskure ba. A ƙa'idarta ninkawa da rabawa ke shiga gaba, tarawa da ɗebewa su biyo baya. Sai ka kulle 2 da 3 cikin baka biyu, sannan ta fara da su, ta ba ka 2500. Kowane jeren lambobi da alamomi amsa guda yake haifarwa, kuma tsarin alamomin ke yanke ta.

Batun canji fa? Kana da jika, sabulu sefa 300. A Python, karkatattun sanduna biyu su ce sabulu 3 za ka samu, alamar kashi cikin ɗari ta ce saura 100. Ni dai ina ganin da irin wannan ya kamata malamai su fara wa ɗalibai, domin yaron da aka saba aika kasuwa ya riga ya iya.

Akwai kuma alamomin gwadawa: ya fi, bai kai ba, daidai yake. Amsarsu biyu ce rak, gaskiya ko ƙarya. Da "da", "ko" da "ba" ake ɗaure su, bisa tsarin da Baturen Ingila George Boole ya shimfiɗa a 1854. Duk sanda ka tura kuɗi ta salula, sai lambar sirri ta yi daidai kuma kuɗin sun isa. Ɗaya ta faɗi, saƙo ba ya tafiya.

Ɗalibai, ku kasa kunne a nan. Alamar daidai guda ɗaya ajiya take yi, biyu a jere tambaya suke yi. In kun ajiye inda ya kamata ku tambaya, Python zai tsayar da ku nan take. Harshen C kuwa zai iya barin aikin ya wuce, lissafi ya karkace ba ku sani ba.