Takardar Inshorar da ke Motarka: Ta Gaske Ce, ko ta Wuce Shinge?

Idan ka tsayar da direba a tashar Gwandu ko ta Kalgo ka tambaye shi ko yana da inshora, zai buɗe aljihun gaban mota ya zaro maka ita cikin leda, haɗe da sauran fatikula. Ka ƙara tambayarsa wane kamfani ne ya ba shi, me kuma za su biya idan tsautsayi ya gitta, sai ya yi dariya ya ce ai ta 'yan sanda ce. Haka mafi yawanmu muka ɗauke ta daga Dalijan har Birnin Kebbi, takarda ce da ake miƙawa ta taga a shinge don a ɗaga maka hannu. Alhali kuwa yarjejeniya ce tsakaninka da kamfani, ka biya kuɗi kaɗan a shekara, shi kuma ya ɗauki nauyin ɓarnar da motarka za ta yi wa wani.

Dokar ba sabuwa ba ce. Tun 1945, zamanin Turawa, aka kafa dokar da ta hana hawa titi da mota sai da inshorar da ke kare mutanen da motar ka iya cutarwa. Wannan inshorar ce direbobi ke kira tad fati. Abin da ya sake tayar da maganar shi ne matakai biyu. Na farko, hukumar NAICOM mai kula da kamfanonin inshora ta ƙara kuɗinta daga ranar 1 ga Janairu 2023: motar gida ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000, iyakar abin da kamfani zai biya na ɓarnar dukiya kuma ta tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. A wannan jadawalin babur naira 3,000 ne da iyakar miliyan 1, Keke Napep 5,000 da iyakar miliyan 2, manyan motocin ɗaukar kaya kuwa 100,000 da iyakar miliyan 5. Na biyu, rundunar 'yan sanda ta fara tilasta dokar a faɗin ƙasa daga 1 ga Fabrairu 2025.

To me tad fati ke biya? A nan ne mutane suka fi ruɗewa. Ba ta gyara motarka ko da fitila ɗaya. Abin da take biya shi ne asarar wani. A ce ka taso daga Dalijan da almuru za ka Gwandu, garken shanu ya ratso titi, ka kasa riƙe birki, ka karya saniya, ka kuma goge wani mai babur da ke gefe. Kuɗin saniyar, da gyaran babur ɗin, da jinyar mai babur ɗin, su ne hakkin da kamfani zai ɗauka a madadinka. Ragargajewar gaban motarka kuwa, kai da mai gyara ne. Iyakar miliyan 3 ɗin nan ta dukiya ce. Rauni da rasa rai lissafinsu daban ne, ba a cusa su cikin wannan adadin.

Wanda ke son a kare motarsa ita kanta yana da zaɓi biyu. Akwai wadda ke ƙara gobara da sata a kan tad fati, sai kuma cikakkiyar inshora, wadda ke biyan gyaran motarka ko da kai ne da laifi. Hukumar ta ce kuɗin cikakkiyar kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar, wato motar naira miliyan 4 za ta ci aƙalla 200,000 a shekara. Kuɗi ne, ba shakka. A ganina mai tsohuwar Golf da ke zirga-zirga tsakanin ƙauyuka ba lallai ya wahalar da kansa ba. Amma wanda ya sayar da shinkafar shekara biyu ya sayi mota, ko ya karɓi Keke bashi yana biya duk mako, ya zauna ya yi lissafi da kyau. Ya kuma tambayi kason da zai cika daga aljihunsa a kowane gyara, don kusan kowace cikakkiyar inshora tana da shi.

Babbar cutar dai ita ce jabu. Mutum zai ba wani ɗan kamasho kuɗi ya haɗo masa takardu gaba ɗaya, a kawo masa takarda mai tambari da hatimi har da sa hannu, an karɓi naira dubu uku ko biyar a kanta. Babu kamfanin da ya san da ita. Ranar da ya buge wani ya je neman haƙƙi, sai ya tarar ko dai kamfanin babu shi a duniya, ko kuma lambar takardar ta wata mota ce. Araha ba ta ado. Duk wanda ya sayar maka da tad fati ta motar gida ƙasa da naira 15,000, ka san akwai lauje cikin naɗi. Tantancewa kuma ba ta buƙatar zuwa ko'ina. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta ƙasa tana da rumbun bayanai mai suna NIID, kuma ko da ƙaramar waya za ka iya danna *565*11#, ka saka lambar motarka, ka ga ko tana ciki. Jami'an kan hanya ma da shi suke dubawa.

Sai maganar haya da aro, wadda ta fi shafar mu. A nan ba mu da kamfanonin ba da hayar mota irin na filin jirgin Abuja ko Legas, inda ake miƙo maka makulli da takardar sa hannu. Namu salon daban ne. Ana ɗaukar shatar bas don kai amarya Kalgo, ana ɗaukar a-kori-kura ta kai albasa kasuwar Jega, mai mota yana ba direba ya yi aiki ya kawo balas da yamma, maƙwabci kuma yana aron mota ya kai mara lafiya asibiti a Birnin Kebbi. Duk da baki ake ƙullawa, da "Allah ya kiyaye hanya". Ba a tattauna wanda zai ɗauki asara sai bayan ta auku, lokacin da zumunci ya riga ya fara tsami.

Abin da ya kamata a sani shi ne inshora tana bin irin aikin da aka rubuta motar za ta yi. Inshorar motar gida ba ta rufe haya. Ma'aikacin da ke ɗibar fasinja da motarsa a hanyar Birnin Kebbi zuwa Jega don ya rage kuɗin mai, idan hatsari ya faru kamfani na iya zame jiki, ya ce ba haka aka yi da shi ba, kuma yana da hujja. Wanda zai sa mota haya ya faɗa wa kamfani tun farko, ya sayi ta kasuwanci, ya kuma tambaya ƙarara ko fasinjoji na ciki, da nawa ake biya a kan kowane mutum. Kayan da aka ɗauko ma ba sa cikin tad fati. Buhunan albasar da suka zube a kwalta suna da tasu inshorar daban, ta kayan da ke kan hanya, kuma mai kaya ne ya kamata ya tambaya kafin a yi lodi.

Aro ma da sharaɗinsa. Galibi inshora na aiki idan wanda ke tuƙi ya samu izinin mai mota kuma yana da lasisi mai rai. Ka miƙa wa yaronka ɗan shekara sha shida makulli, ko yaron mota da bai taɓa zuwa ofishin lasisi ba, ka rushe yarjejeniyar da hannunka. Haka lodin da ya wuce kima, mutum huɗu a baya, biyu a gaba, wani a but. Wanda kuma ya sayi mota hannu kada ya dogara da takardar tsohon mai ita, ya yi tasa da sunansa. Idan tafiya ta kai ka birni ka ɗauki mota daga kamfanin haya, ka zagaya ta da waya ka ɗauki hoton duk wani ƙwarzane kafin ka tayar, ka kuma sa a nuna maka a rubuce nawa ne zai hau kanka idan ta lalace. Masu ƙetare iyaka ta Kamba zuwa Gaya su ma su bincika. Tad fati ta yanzu tana haɗe da katin ECOWAS na tafiya ƙasashen yankin, amma Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, don haka a tambayi kamfani matsayin katin kafin a kama hanya.

Na san abin da ke ran mutane da yawa a ƙasar Gwandu, inda ba a wasa da fatawa: shin inshora ta halatta? Tambaya ce mai tushe. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta haramta inshorar kasuwanci saboda garari, wato rashin tabbas a cikin ciniki, ta kuma halatta ta taimakekeniya, wadda ake kira takaful. A tsarin takaful kuɗin da ka bayar gudummawa ce cikin asusun haɗin gwiwa, daga ciki ake tallafa wa wanda asara ta samu, ba a juya kuɗin a harkar riba, kuma idan an samu rara ana iya raba wa mahalarta. An fara shi a Sudan a 1979. A Nijeriya akwai kamfanoni masu lasisi irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful, kuma takardarsu ta mota karɓaɓɓiya ce a shinge kamar kowace. Saboda haka mai gudun shubuha yana da mafita, kuma sayen jabu ba ya cikinta.

Idan hatsari ya faru, a fara da ceton rai. Bayan haka a ɗauki hotuna kafin a janye motoci, a sanar da 'yan sanda don a samu rahotonsu, a kira kamfani ba tare da jinkiri ba. Al'adarmu ta zuwa gaban dagaci ko shugaban tasha a yi sulhu abu ne mai kyau, sai dai kada ka yanke wa kanka adadin da za ka biya kafin kamfani ya sani, don yana iya cewa ba da yawunsa ka yi ba. Sau da yawa kuma akan matsa wa talakan da aka karya wa ƙafa ya ce ya yafe, saboda direban ba shi da ko sisi. Da takardar ta gaske ce, da an yi masa jinya ba tare da an sayar da gonar kowa ba. Kamfanin da ya ƙi biyan haƙƙi bayan an cika sharuɗɗa, ana kai ƙararsa NAICOM.

Ɗan'uwa direba, kafin ka yi lodin gobe, zaro takardar nan ka duba sunan kamfani, da ranar da za ta ƙare, da irin aikin da aka rubuta wa motar, sannan ka danna *565*11#. Idan ba ta fito ba, ka nemi ta gaske tun motar tana tsaye.