Noma a Cikin Waya, Noma a Gonar Ajingi

A shekarar 1996 aka fitar da wani wasan bidiyo a Japan wanda ba bindiga a cikinsa, ba tsere, ba dambe. Sunansa Harvest Moon, kuma wanda ya ƙirƙire shi, Yasuhiro Wada, ɗan ƙauye ne da aiki ya kai shi Tokyo, kewar gida ta dame shi. A wasan za a ba ka tsohuwar gona da ciyawa da duwatsu suka cinye, a ce ka raya ta cikin shekara biyu da rabi. Ka yi sassabe, ka shuka dankali ko tumatir ko masara, ka yi ban ruwa kullum, ka kiwata kaji da shanu. Idan ka matsa wa kanka da aiki, sai ɗan mutumin naka ya faɗi don gajiya.

Daga wannan tushe sauran suka tsiro. FarmVille ya mamaye Facebook a 2009, Hay Day na kamfanin Supercell ya shigo wayoyi a 2012, sannan a 2016 wani Ba'amurke, Eric Barone, ya fitar da Stardew Valley da ya rubuta shi kaɗai, aka sayi miliyoyin kwafi. Yau ba abin mamaki ba ne ka ga matashi a Gaya yana girbin alkama da ɗan yatsa a kan waya, alhali gonar gidansu na can tana jiran noman firi.

Kada a yi saurin cewa shirme ne. Irin wannan wasa yana koyar da abu guda mai nauyi, wato lissafi. Nawa ka sayi iri? Kwana nawa zai nuna? Idan ka zuba kuɗinka duka a saniya, da me za ka shuka? Komai a rubuce yake a gabanka, riba da faɗuwa ba sa ɓuya. Nan ne da yawa daga manomanmu suke da giɓi. Mutum zai faɗa maka damin gero nawa ya sa a rumbu, amma ka tambaye shi abin da ya kashe tun daga huɗa da taki da 'yan ƙwadago har zuwa sussuka, sai ya ce Allah dai ya rufa asiri. Ya rufa kam, amma ba a san ko an ci riba ba.

Sai dai gonar wasa gona ce mai ladabi. Duk abin da ka jefa a akwatin sayarwa, farashinsa na jiya shi ne na yau. A ƙasar Gaya da Ajingi kuwa, ranar da wake da gyaɗa suka cika kasuwa da kaka, ranar farashi ke zubewa, kuma a lokacin ne mai bashin taki ke tsaye a ƙofar gida. A wasa ruwa yana cikin butarka. A nan manomi kan yi binne a busasshen yashi yana duban gabas. Ruwa ya sauka sau ɗaya ya ɗauke mako biyu, shuka ta ƙone, a sake neman iri. Wasan bai san wuta-wuta ba, wadda ke tsotse saiwar gero da dawa tun kafin ta leƙo da jan furenta. Bai san tsutsar da ke huda furen wake ba, wadda saboda ita Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar da irin SAMPEA 20-T a 2019. Bai kuma san gandu da gayauna ba, balle gayya, inda aikin gona ba na mutum ɗaya ba ne.

Abin da nake fata shi ne namu wasan ya fito. Ga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote a Wudil, kusa da Gaya, ga ɗalibai masu karanta kwamfuta da masu karanta noma a harabar guda, da yawansu 'ya'yan manoma. Su haɗa kai su yi wasa da Hausa: gero da wake a kunya ɗaya, damina ta wata huɗu da ba ta da tabbas, tumaki da za a sayar kafin babbar sallah, da zaɓin da ke hana magidanci barci, ko ya sayar da kaka ya biya bashi, ko ya ajiye a rumbu har bazara ya yi kasadar ƙwari.